Yadda Ɗingishina Ya Shiga Gem

Shekarun baya, kafin gwiwata ta hagu ta gama raina ni, an taɓa saka ni a cikin gem. Gem ɗin nan da ake bugawa a kwamfuta da waya. Na san wasunku za su ce ƙarya nake yi. To ku ce. Ni ma da wani ne ya ba ni labarin da ban yarda ba.

Ni mai facin taya ne a Kakuri, nan cikin Kaduna. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, wannan rubutun ma da yatsa ɗaya nake danna shi, saboda haka wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa. Rumfata tana jikin garejin wani abokina bakanike. Mutumin Gabas ne, Kirista, gidansa na unguwar Television, ni kuma ina Unguwar Mu'azu. Mun fi shekara ashirin muna zagin juna kowace safiya. Shi ne ya saɓa ni a kafaɗa zuwa asibiti ranar da zoben tayar tifa ya ɓalle ya daki ƙafata. Tun ranar nake ɗingishi, kuma tun ranar yake min gori wai nauyina ne ya lalata masa baya.

Abokin nan nawa yana da 'ya, ita ce babbarsa. A gabana ta girma, Hausarta ta fi tawa tsafta. Ta yi karatun kwamfuta, ta yi bautar ƙasa, ta dawo, aiki bai samu ba. Sai ta shige ɗaki tana haɗa gem. Wata ya wuce, wata ya wuce, har shekara ta zagayo. Uban ya gaji.

Wata rana yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani, ya ce min, "Malam, na yanke magana. Na ba ta zuwa Kirsimeti. In mun tafi gida hutu, can zan bar ta wajen ƙanwata ta zauna mata a shagon tayil na daɓen ɗaki. Mace mai shekara ashirin da bakwai tana wasan yara."

Na ce, "Ka taɓa duba abin da take yi?"

Ya ce, "In duba me? Ni yaro ne? Miƙo min sifana sha huɗu."

Na miƙa masa, na koma kan facina. 'Yarsa ce, ba tawa ba.

Bayan kwana biyu sai ga ta a rumfata da laftof a jaka, ta zaɓi lokacin da uban ya tafi sayen kayan gyara. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ce, "Baba, taimako na zo nema."

"In taya ce ki ajiye. In ba taya ba ce kin ɓata hanya."

"Gem nake haɗawa, na manya."

Na ɗaure fuska na ce, "Na manya kamar yaya?"

Ta yi dariya har da rufe baki. "Ba abin da kake tunani ba, Baba. Na mutanen da suka san gajiya ne. Babu bindiga, babu tsalle-tsalle. Direban babbar mota ne, ya ɗauko tumatir zai kai Abuja kafin ya ruɓe. Motar ta tsufa, bayansa na ciwo, matarsa na fushi da shi. Mai wasan shi ne direban."

Ta buɗe laftof ɗin ta nuna min direban. Wani ƙato ne, ƙirji kamar ƙofar kwantena, baƙin gilashi, riga ta matse shi, haƙora fari tas.

Na ce, "Wannan wane ne?"

"Direban ke nan."

"Wannan ko tayar keke bai taɓa ɗagawa ba. Ina tumbinsa? Mutumin da yake zaune tun safe har yamma yana cin tuwon tasha, ina ya kai tumbin?"

Ta ce, "Abin da ya kawo ni ke nan. Duk wanda na ba wa ya gwada, minti biyar yake ajiyewa. Sun ce ba ruwansu ko ya isa ko bai isa ba. In mai wasa bai damu da mutumin ba, aikina duk na banza ne. Kuma ka san abin da Dadi ya ce. Ina so in ɗauki jikinka. Yadda kake tafiya, yadda kake zama, yadda kake tashi. In ɗora wa direban."

Gaskiya zan faɗa muku, kaina ya kumbura. Shekara hamsin da 'yan kai ba wanda ya taɓa cewa yana son yadda nake tafiya. Na ce zan duba in ina da lokaci. Lokacin da nake da shi kuwa har ya yi min yawa.

Muka sa ranar Lahadi da rana, bayan coci, lokacin da uban yake taron 'yan garinsu. Tun ran Asabar na je wajen mai aski. Na sa ya rina min gemu baƙi ƙirin. Na ciro shaddar da na sa a ɗaurin auren 'yata, na kai aka yi mata sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Na kafa hula, na fesa turare. Matata ta bi ni da kallo har ƙofa.

Da yarinyar ta gan ni a bayan garejin sai ta ajiye wayarta.

"Baba, ɗaurin aure za ka?"

"Ba hoto kika ce ba?"

"Na'urar da ke cikin wayar nan gwiwa take nema, da kafaɗa, da ƙugu. A cikin wannan rigar ko ni ban san inda ƙafarka take ba."

Haka na shiga rumfa na tuɓe shaddata, na sa kayan aiki masu baƙin mai. Ta yanka farin selotef ta manna min a gwiwoyi da kafaɗu da idon sawu, na koma kamar ragon da aka yi wa alama a kasuwa. Ta ce in yi tafiya daga bango zuwa duro in dawo.

Ni kuwa na shanye ciki, na banƙaro ƙirji, na tilasta wa ƙafar hagu ta taka daidai da 'yar'uwarta. Sau goma sha biyar na je na dawo kamar mai fareti. Zafin da na ji Allah kaɗai ya sani. Da muka gama na kafa mata sharaɗi uku. Ban da ɗingishi, ban da sanƙo, ban da tumbi. E, ni ɗin da na tambaya ina tumbinsa, ni ne na ce a cire. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta rufe, ta ce, "To, Baba." Yarinya ce mai tarbiyya, kuma tarbiyyar ce ta kusa kai ta shagon tayil.

Sati biyu tana aiki. Da ta gama muka kai wa direbobin tifa da suke karyawa a teburin mai shayi kusa da mu. Su ne alƙalan, don su aka yi abin. Ta miƙa wa wani tsohon direba, mutumin kudancin Kaduna ne, mun saba da shi tun yana yaron mota. Ya goge hannu ya karɓa. Direban gem ya sauko daga mota ya miƙe cak, ya kama tafiya.

Tsohon ya ce, "Wannan soja ne ya yi ritaya?"

Na kusa da shi ya leƙo ya ce, "Kamar an zura masa sanda a riga."

Wani ya ce, "Kwastan ne. Ku ɓoye kayanku."

Suka yi ta dariya. Ina tsaye a gabansu ba wanda ya ce ya yi kama da ni. Tsohon ya ɗan latsa na minti biyu, ya miƙa mata, ya ce ta yi ƙoƙari, ya koma kan burodinsa. Ta rufe laftof ɗin ta yi musu godiya. Na ga idonta. Saura sati huɗu Kirsimeti.

Da yamma na koma gida ina ta faɗa. Na ce wa matata direbobin nan jahilai ne, ba su san abu mai kyau ba. Tana tsintar wake a faranti, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, "Wa yarinyar ta ɗauka?"

"Ni mana."

"A'a. Wanda ya fita gidan nan ran Lahadi da baƙin gemu, ni ma ban san shi ba."

Na ce, "To so kike in shiga duniya ina jan ƙafa?"

Sai ta ajiye farantin. "Malam, tun kana kwanar layi nake gane ka. Ɗaya ta taka, ɗaya ta ja. Da na ji nake ɗora ruwan wanka. Shekara nawa ke nan? Ka je ka ɓoye abin da ake gane ka da shi, kuma kana so a gane ka. Za a kai 'yar mutane ta sayar da tayil don kai kana son ka yi kyau."

Ta ɗauki farantinta ta ci gaba. Na sauke kai. Na ci tuwona na je na kwanta.

Washegari na kira yarinyar. Na ce, "Kawo wayarki ki jingina a kan kwampreson ba taya iska ki tafi. Kar ki gaya min an fara, kar ki gaya min an gama. Sharaɗin nan uku kuma na janye."

"Har tumbin, Baba?"

"Kar ki sa in canza ra'ayi."

Kwana uku wayar tana nan. Awa ta farko ina ta satar kallonta ina gyara tsayuwa. Sai wata tifa ta shigo da taya biyu a fashe, direban na ta rantsuwa yashi na jiransa. Daga nan na manta da waya, na manta da kaina.

Ranar da ta nuna min abin da ta ɗauka, na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum ba ya ganin bayansa. Ashe haka nake tafiya, kamar kwale-kwale. Ashe in zan tashi daga benci sai na dafa gwiwa, na ɗan tsaya a rabin hanya kamar ina shawara, sannan na ce "wash". Ashe ina ture hula in sosa sanƙo duk lokacin da aka kawo min aikin da ba na so. Na ji kunya, sai kuma dariya ta kama ni. Mutumin ya ba ni tausayi, kuma wallahi ya burge ni. Ba ya sauri, amma duk tayar da aka ajiye masa sai ta tashi.

Ta tsayar da hoton a wani wuri ta ce, "Baba, me kake yi a nan? Kullum sai ka daki taya da ƙarfe ka karkata kai."

Na ce, "Saurare nake. Taya mai lafiya in ka dake ta amsawa take da ƙarfi, ƙarfen ya dawo maka. Mai ciwo kuwa sai ta yi wani bub, kamar ka daki buhun dusa. Direban kirki ba ya tayar da mota sai ya zagaya ya ji kowacce."

Ta rubuta. Ta sa na daki taya mai iska da maras iska ta ɗauki ƙarar. Ta ce duk mai wasan da bai zagaya ya saurara ba, tayarsa za ta fashe da ya wuce Gonin Gora a hanyar Abuja.

Sai ta nuna min wajen da direban zai je wurin mai faci a bakin hanya. Ta sa gaisuwa, amma a gefe akwai maɓallin tsallakewa.

Na ce, "Wannan na mene ne?"

"Mutane ba sa son dogon surutu a gem. Sai su wuce gaisuwar su je kan magana."

"Bar shi. Amma duk wanda ya danna, mai facin ya ce masa babu mai a kwampreso."

Ta kalle ni. "Haka ake yi?"

"Haka nake yi."

Sai ta ce, "Baba, shi ya sa duk ranar da Dadi ya turo taya kwampresonka ba shi da mai?"

"Ubanki bai iya gaisuwa ba. Tun daga nesa yake fara ihu. Sai na bar shi ya yi rabin awa sannan man yake samuwa."

Ta yi dariya har ta zauna a kan taya. A ranar ta ɗauki muryata ina gaisuwa. Ina gajiya, ya iyali, ya hanya, ya ƙafa. Murya ɗaya ta yi wa direban, ta ɗan canza ta yi wa mai facin. Ni ne mai gaisuwa, ni ne mai amsawa.

Saura kwana biyar su tafi, ran Asabar da la'asar, ta kawo laftof ɗin gareji. Uban ya ce shi aiki yake yi, ba shi da lokacin shirme.

Na ce, "Oga, zauna. In ba haka ba in gaya wa Madam kwalbar lemo nawa kake sha a rana bayan likita ya hana ka."

Ya zage ni, ya zauna. Ta ɗora masa abin latsawa a hannu, ya riƙe shi kamar sifana.

A cikin gem ɗin motar tana tsaye, an gama lodin kwandunan tumatir. Ƙofa ta buɗe. Direban ya sauko da baya, ƙafa ɗaya tana laluben ƙasa. Ya dafa gwiwa, ya tsaya a rabin hanya, ya ce "wash". Ya ture hula ya sosa sanƙo. Sannan ya kama tafiya, ɗaya ta taka, ɗaya ta ja.

Abokina ya matso da fuska. Ya kalli laftof, ya kalle ni, ya sake kallon laftof. Sai dariya ta ƙwace masa har ya riƙe benci.

"Wannan ai wannan banzan ne. Ku dubi ƙafar. Ni na ɗauki ƙafar nan zuwa asibiti. Har da tumbin. Ke, yaya kika yi kika cusa tumbin nan a ciki?"

Ta ce, "Dadi, ka zagaya ka duba tayoyin."

"Ni za ki koya wa mota?"

Ya tayar ya kama hanya. Da ya wuce Gonin Gora taya ta fashe. Ya ja direban zuwa rumfar mai faci. Gaisuwa ta fito, ko karantawa bai yi ba ya danna tsallakewa. Mai facin ya ture hula ya sosa kai, ya ce da muryata, "Babu mai a kwampreso."

Abokina ya juyo a hankali ya zuba min ido.

"Malam. Shekara ashirin."

Na ce, "Ka gaisa ka gani."

Bai gaisa ba, taurin kai gare shi. Ya tsaya yana latse-latse har tumatir ya ruɓe. Ya ce a sake. Ya sake tsallakewa, ya sake ruɓewa. A na uku ne ya zagaya motar yana dukan taya yana karkata kai shi ma, kamar ƙarar daga garejin take fitowa. Duk da haka wata ta yi faci can gaba. Da ya isa wurin mai facin sai na ji shi da bakinsa yana cewa, "Ina gajiya, ya iyali," yana bin direban. Mai facin ya dafa gwiwa ya miƙe.

Ana cikin haka wani mai mota ya shigo yana hon. Abokina ko juyawa bai yi ba, ya ce, "Litinin."

Akwai wani wuri da direban zai tsallaka titi ya ɗebo ruwa don inji ya yi zafi, lokaci kuma na tafiya. Yarinyar ta ce, "Dadi, danna wannan zai yi gudu."

Ya ture hannunta. "Bar shi ya tafi a hankali. Ƙafar na masa ciwo."

Na ga ta juya baya tana gyara jakar da ba abin da ya same ta. Ni ma na samu wata taya na hau dubawa.

Bai isa Abuja ba ranar. Da batir ya kusa ƙarewa ya ajiye, ya ɗaure fuska kamar mai karɓar motar da wani ya ɓata.

"Kukan injin nan ƙarya ne. Wannan janareta ce, ba babbar mota ba. Wa ya ba ki?"

"A intanet na samo."

"Shirme. In mun dawo a Janairu akwai wata tsohuwar mota da za a kawo min. Ki zo da wayarki da sassafe, kafin inji ya ɗumama, ki ji yadda mota take tari."

Ta ce, "In mun dawo, Dadi?"

Ya ce, "Kurma ce ke?"

Ya tashi ya shige ƙarƙashin motar da ya ce sai Litinin.

Gem ɗin ya fito daga baya. Bai mai da ita mai kuɗi ba, kar in yi muku ƙarya, amma da shi aka san ta, kuma har yau wannan aikin take yi, tana cin abincinta. Ta ce mutane suna turo mata saƙo suna tambayar direban, wasu har roƙo suke a gyara masa ƙafa. Ta ƙi. Na ce ta kyauta.

Ni ba mai yawan darasi ba ne. Abin da na sani shi ne na yi shekaru ina jin haushin ƙafar nan. In za a ɗauki hoto a biki baya nake komawa. In na hango mutanen da na sani sai in tsaya kamar ina duba waya har su wuce. Ashe a jikina duka ita ce abin da ya yi wa wani amfani. Gemun da na rina kuwa wata biyu ya yi yana fita kala-kala, jikokina suna tambaya ko ƙonewa na yi.

Yanzu da sanda nake tafiya, gemun ya yi fari gaba ɗaya. Direban yana nan yadda yake, bai ƙara ko shekara ɗaya ba. Wani lokaci in sa a buɗe min shi in kalle shi yana saukowa daga mota, in ce kai, mutumin nan da sauran ƙarfinsa.

Abokina kuma ya koyi gaisuwa, amma tasa iri ɗaya ce. Kowace safiya zai turo taya ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Ina kwana, ya iyali, ya ƙafa, akwai mai?"

Wata rana in ce akwai. Wata rana in ce ya sake daga farko, bai sa zuciya a ciki ba.